Gidan da Ba a Tambayar Laifi

A gefen birnin Tamale, a arewacin ƙasar Gana, akwai wata unguwa da ake kira Gurugu. Sunanta ya yi nisa saboda wani asibiti da ke cikinta, inda ba a karɓar ko sisi a hannun marar lafiya. Sunan asibitin Shekhinah. Kalmar daga Ibrananci ta fito, ma'anarta kuwa zaman Allah a tsakiyar mutanensa. Wanda ya kafa shi Likita David Abdulai ne, wanda mutanen gari suka fi sani da Likita Choggu. Waɗansu kuma sukan ce da shi mahaukacin likita, gama ba su taɓa ganin mai ilimi irin nasa yana bin mahaukata a titi da kwanon abinci ba. Labarin wannan mutum yana da abin da zai koya wa masu bi, daga zangon Kumasi har Kano da Maradi, a kan ciwon da ya shekara 40 yana cin mutanen Afirka, wato ƙanjamau.

An haifi David Abdulai a shekara ta 1951, a gidan Musulmi matalauta ƙwarai. Mahaifinsa kuturu ne. Su 11 aka haifa, amma shi kaɗai ya rayu. Sauran duka talauci da cututtukan da ke bin talauci suka kwashe su. Ya san yunwa tun yana yaro, ya kuma san yadda ake duban gidan kuturu. Duk da haka ya yi karatu har ya gama makarantar likitoci ta Jami'ar Gana, ya ƙaro ilimi a Turai, ya kuma zama mai bi a ikilisiyar Katolika. Da ya so, da ya zauna a babban birni ya tara dukiya, ba kuwa wanda zai ga laifinsa. Amma a 1991 ya bar aikin albashi ya koma Gurugu. A ƙarƙashin itacen mangwaro ya yi fiɗarsa ta fari.

Ba shi da kuɗin gina ɗakunan kwanciya, sai ƙauyuka suka riƙa zuwa suna gina 'yan ɗakuna irin nasu na gida, domin marasa lafiyarsu su sami wurin sa kai. Ma'aikatansa masu aikin sa kai ne, Kirista da Musulmi. A 1992 ya fara dafa abinci ana kai wa masu taɓin hankali a titunan Tamale kowace rana, har yawan masu ci ya wuce 100. A 1999 ya buɗe asibiti na biyu a Wamale. Ranar Kirsimeti kuwa yakan tara makafi, da kutare, da mabarata, da duk wanda ba mai gayyatarsa, a ci a sha tare.

A cikin waɗannan shekaru ne sabon ciwo ya shigo ƙasar. A 1986 aka fara tabbatar da ƙanjamau a Gana. Inda ya fara yin ɓarna sosai shi ne ƙasar Krobo, can kudu maso gabas. Madatsar ruwa ta Akosombo, wadda aka gama a 1965, ta cinye gonaki masu yawa, talauci ya kori mata da dama zuwa Abijan neman abin kai wa baki, waɗansunsu suka komo da ciwon. A 1992, da aka gwada jinin mata masu ciki a garin Agomanya, an sami kusan 18 cikin 100 suna ɗauke da ƙwayar. Tun daga farko ke nan ciwon ya nuna halinsa: hanyar da talauci ya share, ita yake bi.

A arewa yawan masu ciwon bai kai na kudu ba, amma asibitoci kaɗan ne, kunya kuma ta yi yawa. Saurayi ko budurwa su tafi kudu neman kuɗi, bayan shekaru a komo da su a bayan mota, sun rame, suna tari, zawo ya ƙi tsayawa. Sai a ba su ɗakin da ke can ƙarshen gida, a ware musu kwano da moɗa, a hana yara shiga. Wani ma ɗakin bai samu ba, kora ya samu. A ƙasar Hausa har laƙabi aka yi wa ciwon, ana ce masa kabari kusa. A lokacin nan laƙabin bai yi ƙarya ba, domin babu magani. Sai a 1996 likitocin duniya suka nuna cewa idan aka haɗa magunguna 3 suna danne ƙwayar, amma kuɗinsu a shekara ya fi dala 10,000 ga mutum ɗaya. Manomin dawa a ƙasar Dagomba ba zai ga irin wannan kuɗi ba ko a mafarki.

To, me likita zai yi wa mutumin da ba shi da maganin ciwonsa? A Gurugu an ba da amsa da aiki. Masu ƙanjamau da danginsu suka gudu suka bari an ba su ɗaki. An ba su abinci, an yi musu wanka, an yi maganin tari da zawo da gyambo gwargwadon iko, an zauna kusa da su. Ba a tsare kowa a ƙofa ana tambayarsa inda ya samo ciwon ba, ko wane addini yake bi. Da yawa sun mutu, gama ba yadda za a yi. Amma sun mutu a kan shimfiɗa, da mutum a gefensu, ba a bayan kasuwa ba.

Mai karanta bishara ba zai rasa gane tushen wannan ba. A sura ta fari ta Bisharar Markus, kuturu ya zo wurin Yesu, Yesu kuwa bai tsaya daga nesa ya warkar da shi ba, ko da yake yana da ikon yin haka. Sai da ya miƙa hannu ya taɓa shi. A sura ta 9 ta Bisharar Yohanna kuma, almajirai suka ga wanda aka haifa makaho, abin da ya fara zuwa bakinsu shi ne neman mai zunubin, ko shi ko iyayensa. Ubangiji ya kawar da tambayar, ya buɗe idon mutumin. Ɗan kuturu ba ya bukatar mai yi masa fassarar waɗannan surori. Ya girma a gidan da ba a taɓawa.

Daga baya Allah ya kawo sauƙi. A shekara ta 2000 gwamnati ta kafa Hukumar Ƙanjamau ta Gana. A 2001 wani kamfanin magani na Indiya mai suna Cipla ya ce zai sayar da magungunan nan 3 a kan dala 350 a shekara, wato ƙasa da dala ɗaya a rana. A watan Afrilu na wannan shekara shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware 15 cikin 100 na kuɗin gwamnati domin lafiya. A 2002 aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau, da tarin fuka, da zazzaɓin cizon sauro. A 2003 aka fara ba da maganin a Gana, a ƙasar Krobo inda ciwon ya fi tsanani, a asibitin gwamnati na Atua da asibitin Katolika na Agomanya. Sannu a hankali ya kai Asibitin Koyarwa na Tamale da asibitocin gundumomi. Da fari sai wanda jikinsa ya riga ya yi rauni ake ba, amma daga 2016 duk wanda gwaji ya nuna yana da ƙwayar ana fara masa magani ba jira.

Ya kamata kowane mai bi ya san yadda abin yake, domin jahilci ne ya haifi yawancin muguntar da aka yi wa marasa lafiya. Ƙwayar HIV tana shiga jini ta kashe waɗansu ƙwayoyin jini waɗanda su ne sojojin jiki. Mutum yana iya yin shekara 8 ko 10 da ita ba alamar komai, yana noma, yana aure, yana ba waɗansu bai sani ba. Sa'ad da sojojin suka ƙare, sai tarin fuka da sauran cututtuka su sami ƙofa a buɗe. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ƙanjamau. Hanyoyin kamuwa 3 ne: saduwar jiki, da jini ta wurin allura ko aska ko reza da wani ya riga ya yi amfani da ita, da kuma daga uwa zuwa ɗa a ciki, ko wurin haihuwa, ko ta nono. Ba a ɗauka ta gaisuwa, ko cin tuwo a ƙwarya ɗaya, ko shan ƙoƙo ɗaya a jibin Ubangiji, ko cizon sauro, ko wanke marar lafiya da hannun da ba rauni.

Maganin yanzu, ga yawancin manya, ƙwaya ɗaya ce a rana. Ba ya kashe cutar ƙurmus, amma yana danne ta. Wanda yake sha kullum, cikin wajen wata 6 ƙwayar takan ragu a jininsa har na'ura ta kasa ƙirga ta. Sojojin jiki su farfaɗo, mutum ya koma gona, ya ga jikokinsa. Wani babban bincike da aka bayyana a 2011 ya nuna cewa shan magani da wuri ya rage ba abokin aure ciwon da 96 cikin 100. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar cewa wanda ƙwayar ta kwanta sarai a jininsa ba ya ba kowa ta wurin saduwa. Mace mai ciki da ba ta sha magani ba, a cikin jarirai 100 tsakanin 15 da 45 za su ɗauka. Idan ta sha yadda ya kamata, ba su kai 5 ba. Ashe kula da marar lafiya da tsare mai lafiya aiki ɗaya ne.

Ga magani, ga shi kuma kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati. Duk da haka, bisa ga ƙididdigar Hukumar Ƙanjamau ta Gana ta shekarar 2023, a cikin mutane wajen 334,000 masu ɗauke da ƙwayar, fiye da 12,000 sun mutu a shekarar, fiye da 17,000 kuma sun kamu sabo. Me ke kashe mutum alhali maganinsa yana ajiye a kan kanta?

Amsar tana wurin waɗanda ciwon ya fi ci. Wajen biyu cikin uku na masu ƙwayar a Gana mata ne. Akwai mata masu zaman kansu, waɗanda yawan ciwon a cikinsu ya ninka na sauran jama'a. Akwai maza masu kwana da maza, waɗanda tsoron doka da tsoron jama'a ke hana su kusantar asibiti. Akwai direbobin manyan motoci da yaransu a kan hanyar da ta taso daga tashar jirgin ruwa ta Tema, ta ratsa Kumasi da Tamale da Bolgatanga har Faga, ta shige Burkina Faso da Nijar. Akwai fursunoni. Akwai matan da miji ya mutu aka gāje su ba a gwada kowa ba. Akwai kuma 'yan matan arewa masu dako a kasuwannin kudu, waɗanda ake kira kayayei. Rabin kalmar ma Hausa ce, wato kaya, ɗaya rabin kuma harshen Ga ne, ma'anarsa mata. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne, ba su da wanda zai tsaya musu. Waɗansunsu ma su ne ikilisiya ta fi jin nauyin ambata.

Bari a kawo misali. Ba labarin mace ɗaya ba ne, hanya ce da mata da yawa suka bi.

A ce yarinya ce 'yar shekara 16 daga wani ƙauye a bayan Tamale. Bayan girbi ba aikin yi, ba kuma kuɗin kayan ɗaki, sai ta bi ƙawayenta zuwa Kumasi. Da rana tana ɗaukar kayan mutane a ka a kasuwar Kejetiya, da dare ta kwanta a barandar kanti. Mai gadin wurin ya ce sai ta biya, ba kuwa kuɗi yake nufi ba. Bayan shekara 2 ta komo gida da kwalla da atamfa, aka yi mata aure, ta shiga zumuntar mata. Da ta yi ciki ta je awo, aka ɗebi jininta, ma'aikaciyar jinya ta ja ta gefe ta faɗa mata. Aka ba ta kwalbar magani.

Nan hanya ta rabu biyu. A ta farko, ta ɓoye kwalbar a cikin tukunya, tana sha in ba kowa a ɗaki. Maganin ya sa ta jin yunwa, ga rani, abincin gidan sau ɗaya ne a rana. Ranar komawa asibiti ba ta da kuɗin mota, ba ta kuma da dalilin da za ta ba uwar mijinta. Ta ji an yi wa'azi ran Lahadi cewa ciwon nan bulalar mazinata ne, ta ga yadda mata suka ja jiki daga wata da ake zargi. Ta daina zuwa. Wani mai addu'a ya ce da ita ta yi azumi ta zubar da ƙwayoyin, gama bangaskiya ba ta bukatar kwalba. Ƙwayar cutar ta farka, jaririn ya ɗauka, mijin da bai san komai ba ya ƙara aure. Mutum ɗaya aka rasa a asibiti, amma gida ɗaya ne ya tafi.

A hanya ta biyu kuwa, bayan an tashi daga sujada ta bi wata dattijuwa ta zumuntar mata har gida.

Ta ce, "Mma, ina da magana, amma ina jin tsoro."

Dattijuwar ta ce, "Faɗi, 'yata. Abin da kunnena ya ji, bakina bai ji ba."

Da ta gama, dattijuwar ba ta tambaye ta wanda ya ba ta ba. Ta ɗauko tuwo suka ci a ƙwarya ɗaya. Sa'an nan ta ce, "Yaushe ne ranar komawarki? Ni ma ƙafata tana damuna, tare za mu tafi."

Dattijuwar ta riƙa auna mata masara daga rumbunta. Da lokaci ya yi, da yardar yarinyar, ta sa mijinta ya ja saurayin a jiki, ya ce da shi, "Ɗana, ni da uwarka za mu je gwaji, ku zo mu tafi tare." Aka gwada shi. Ko an same shi da ita ko ba a samu ba, yanzu akwai abin yi, gama ma'aurata da yawa ɗaya yana da ƙwayar ɗaya ba shi da ita, suna kuma zaune lafiya. Ta haihu a asibiti, aka ba jaririn maganin ruwa, ta shayar da shi tana shan nata. Aka gwada shi a mako na 6, aka sāke gwadawa bayan yaye, ba a sami komai ba.

Kwalbar magani ɗaya ce a hanyoyin nan biyu. Abin da ya bambanta su dattijuwa ce da ba ta taɓa shiga makarantar likita ba. Abin da ta yi kuwa shi ne abin da aka yi a Gurugu tun ba magani: ta karɓa, ta ciyar, ta raka, ba ta tambayi laifi ba. A wancan zamani wannan yana sa mutum ya mutu da mutunci. A yau yana hana shi mutuwa.

Saboda haka akwai abubuwa 4 da kowace ikilisiya za ta iya yi, ko da majami'arta ta ciyawa ce.

Na fari, riƙon asiri. Ba abin da ke korar mutum daga magani kamar tsoron a sani. Dokar Gana ta 2016 a kan ƙanjamau ta hana tona asirin mai ƙwayar, ta kuma hana a nuna masa bambanci a wurin aiki ko makaranta. Bai kamata doka ta riga masu bi sanin wannan ba. Fasto, ko katikis, ko shugabar mata da aka faɗa wa irin wannan magana, amana aka ba su. Kada ta fito a taron addu'a da sunan roƙo domin 'yar'uwa wance. Addu'ar da ke tona asiri tsegumi ce da aka rufe ido aka yi.

Na biyu, abinci. Likita Abdulai ya fara ciyarwa shekara ɗaya kacal bayan buɗe asibiti, domin ya san magani ba ya zama a cikin da ba komai. A baikon godiya na kaka ana iya ware mudu kaɗan na masara, da wake, da gyaɗa domin marasa lafiya na kowane irin ciwo. In aka haɗa su duka, ba wanda za a nuna da yatsa.

Na uku, rakiya. Zumunta a ƙafa take. Kuɗin mota zuwa asibiti, da wanda zai tuna wa mutum ranar komawa, da wanda zai riƙe masa yara, su ne igiyar da ke ɗaure shi da magani. A asibitocin Gana akwai masu ɗauke da ƙwayar da aka horar domin su ƙarfafa sababbi, su kuma bi sawun waɗanda suka daina zuwa. Ikilisiya ta san su, ta girmama su. Rakiyar nan kuma kada ta tsaya a kan 'yan majami'a kaɗai. Mace mai zaman kanta a bayan tasha, da ɗan kurkuku, da yaron mota, su ma maƙwabta ne. Wanda ya ce sai sun tuba zai kai su asibiti ya juya tsarin bishara, gama taɓawa ce ta fara zuwa.

Na huɗu, gaskiya a kan mumbari. A 1992 wani firist na ikilisiyar Angilika a Yuganda, Gideon Byamugisha, ya tsaya a fili ya ce yana ɗauke da ƙwayar. Shi ne shugaban addini na fari a Afirka da ya yi haka, ya kuwa buɗe bakin mutane da yawa. Ba kowa za a ce ya yi irin nasa ba, amma kowane shugaba yana iya zama na fari a layin gwaji. Ranar 1 ga Disamba, wadda duniya ta keɓe domin wannan ciwo tun 1988, ana iya gayyatar ma'aikatan lafiya zuwa harabar majami'a. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, ba ya wuce minti 20. A koya wa samari da 'yan mata kamewa, a koya wa ma'aurata aminci, kamar yadda aka saba. Amma kada a ɓoye sauran gaskiya. Ikilisiyoyi ba su zama baki ɗaya a kan kwaroron roba ba, duk da haka sanannen abu ne cewa yana tare ƙwayar idan an yi amfani da shi daidai, matar da mijinta ke yawo kuwa tana da hakkin ta san haka. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, a gaggauta kai ta asibiti kafin awa 72 su cika, domin akwai maganin kwana 28 da ke hana ƙwayar kama jiki. Akwai kuma maganin rigakafi domin wanda ba shi da ƙwayar amma yana cikin hatsari, har a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wata allura da ake yi sau 2 a shekara. A yi wa wanzami magana a kan sabuwar reza ga kowane kai da kowace kaciya. A kuma faɗa a sarari cewa addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Allah da ya ba da ruwan sama bai hana manomi riƙe fartanya ba. Wanda ya daina shan magani, ƙwayar takan komo, wani lokaci ma ta komo da taurin kai har maganin farko ya daina yi mata. Duk mai cewa marar lafiya ya zubar da ƙwayoyinsa, jinin mutumin yana wuyansa.

A watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin taimakon da take bayarwa a ƙasashen waje, ayyukan ƙanjamau a Afirka suka girgiza. Wannan ya tuna wa kowa cewa abin aro ba ya rufe katara. Wajibi ne gwamnatoci su cika alkawarin Abuja, wajibi ne kuma masu bi su riƙa tuna musu. Amma abubuwa 4 da aka ambata ba a jirgi ake kawo su ba. Ba wanda zai iya dakatar da su daga wata ƙasa, sai dai masu bi da kansu su hana.

A 2012 ofishin jakadancin Amurka a Gana ya ba Likita Abdulai lambar yabo mai sunan Martin Luther King, domin aikin salama da adalci. Bayan 'yan shekaru ciwon daji ya kama shi a wuya. Ya rasu ran 2 ga Oktoba 2016, yana da shekara 65. Kirista da Musulmi suka yi makokinsa tare. Matarsa da masu aikin sa kai suka ɗauki aikin daga inda ya ajiye.

A shekarar da ya rasu ne aka buɗe ƙofar magani ga kowane mai ƙwayar a Gana. Abin da bai samu ba a 1991 yanzu yana kan kanta. Abin da yake da shi a 1991 kuwa, wato hannu mai taɓawa da ƙwarya mai tuwo, shi ne har yanzu yake ƙaranci. Ba kowane gari ne zai sami likita irin na Gurugu ba. Amma ba majami'ar da ta rasa dattijuwa, ba kuma wadda ta rasa yarinya mai zama a kujerar baya, da magana a bakinta, tana duban fuskoki ta ga wa za ta bi gida. Allah ya sa ta sami wanda za ta bi.